Gidan tarihin da makullinsa ke hannun mai sayar da abinci

A kudancin Suwizalan, cikin wani kwari da ake kira Leventina inda Italiyanci ne harshen gida, akwai ƙauye mai suna Giornico wanda mutanensa ba su cika dubu ba. A bayan gari, tsakanin kogin Ticino da tsohon layin dogon da ya haura tsaunin Gotthard, wani dogon gini na kankare yana tsaye a cikin gonakin inabi, ba fenti, ba taga. Baƙon da bai sani ba zai iya rantsewa sito ne, ko ɗakin injin ruwa da hukuma ta manta da shi. Alhali gidan nuna kayan sassaƙa ne, sunansa La Congiunta, kuma tun 1992 ɗaliban zanen gini daga ƙasashe daban-daban suke yin tattaki don su gan shi. Babu mai gadi a bakin ƙofa, babu teburin sayar da tikiti. Yadda aka saba shi ne ka shiga gari, ka je wani gidan abinci ka ce a ba ka makulli, ka taka da ƙafa ka buɗe wa kanka. In ka gama kallo ka kulle, ka mayar wa masu shi.

Ni dai ina cikin masu ganin wannan gini ya fi gidajen tarihi da yawa da aka narka wa biliyoyi hankali. Amma dalilina ya sha bamban da wanda ake yawan bayarwa. Masu yabonsa sun fi son maganar kyan bango marar ado, da shiru, da yadda haske ke saukowa. Duk na yarda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayar da ba a cika yi ba ranar yanka kirtani: bayan an watse, manyan baƙi sun shiga motocinsu, me wannan gini zai riƙa nema daga wurin mutane kowace safiya har shekara hamsin?

Na La Congiunta, amsar ita ce kusan ba komai. Ba a ja masa wutar lantarki ba. Ba shi da na'urar ɗumama ɗaki, duk da sanyin wannan yanki, balle ta sanyaya shi. Tsawonsa mita 42, siriri ne, an raba cikinsa gida uku masu bin juna, kowanne da tsayin rufinsa, sannan ga wasu ƙananan ɗakuna huɗu a gefe. Haske daga sama yake shigowa, ta wani tsagi da aka ɗaga a tsawon rufin aka rufe shi da abin da haske ke ratsawa. In rana ta yi ƙarfi ka ga kayan da kyau, in hadari ya haɗu ka gan su dishi-dishi, in magariba ta yi kallo ya ƙare. Ƙofar ma ba ta fuskantar gari. Sai ka bi tsawon bangon nan har ƙarshensa kafin ka same ta, ta ƙarfe ce, an ɗaga ta sama da ƙasa, sai ka taka mataki ka shiga.

Wanda ya zana shi, Peter Märkli, mutumin Zurik ne, haifaffen 1953, wato bai cika arba'in ba lokacin da aka gama aikin. Kayan da ke ciki kuwa na mutum ɗaya ne, Hans Josephsohn, wanda Märkli ya ɗauka kamar malaminsa tun yana saurayi, yana zuwa ɗakin aikinsa yana kallon yadda yake auna jiki da tsayi da faɗi. An haifi Josephsohn a 1920 a Königsberg, garin da a yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Bayahude ne, ya bar Jamus zuwa Florence ta Italiya don koyon sana'ar sassaƙa, dokokin wariyar da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1938 suka sake korarsa, ya faɗa Suwizalan, a nan ya zauna har rasuwarsa a 2012 yana da shekara 92. Kusan duk rayuwarsa abu ɗaya ya yi, surar ɗan Adam: kai, rabin jiki, mai tsaye, mai kwance. Da farin garin nan da maginanmu ke kwaɓawa su yi silin yake aiki, ya liƙa ya kankare ya sake liƙawa, daga baya a zuba a tagulla. Surorin nasa ba su da santsi, kamar duwatsun da ruwa ya daɗe yana ci. Duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai da ya haura tamanin. Lokacin da aka gina masa wannan gida a ƙauye, manyan gidajen tarihi ba sa rububinsa.

Wannan tarihin yana da muhimmanci, don shi ya bayyana siffar ginin. Märkli ya san kayan da zai ajiye tun kafin ya ja layi ɗaya a takarda. Ya san tagulla ba ta tsoron sanyi ko laima yadda takarda da zanen fenti suke yi, saboda haka na'ura ba ta da aiki a wurin. Ya san sassaƙen da aka manna a bango ya fi fitowa idan haske ya zubo masa daga sama yana jefa inuwa cikin ramukansa, saboda haka taga ba ta da aiki. Ya san ba taron dubbai za su zo ba, saboda haka zauren tarbar baƙi da shagon tsaraba ba su da aiki. Duk abin da ya cire, akwai dalilin cire shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na san wasu masu karatu tun daga sakin layi na farko sun ce a ransu, to mu ina ruwanmu da ɗakin gumaka? Ba na jayayya da kowa a kan hukuncin sura, wannan fagen malamai ne. Maganata a kan gini take, da yadda ake kashe dukiya wajen ajiye abin da al'umma ta ga ya cancanci ajiya, ko dutse ne ko takobi ko tukunya. Kuma duk wanda ya taɓa shiga wani gidan tarihi a ƙasarmu ya san abin da nake nufi. Na taɓa shiga wani, ba zan kama suna ba, ginin zamani ne da aka toshe tagoginsa saboda an tsara shi a kan fitilu da na'urar sanyi. Ranar babu wuta, janareto babu mai. Jami'in da ya zagaya da ni da fitilar wayarsa yake haska mini kayan cikin gilashi, gumi yana tsiyaya daga haɓarsa, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. A waje kuwa rana tana dukan ƙasa kamar za ta tsaga ta. Hasken da Allah Ya ba mu kyauta an kashe kuɗi an kore shi, an kawo wanda ba za a iya biya ba.

To amma a nan ne ya kamata a yi hattara, don ginin da ba shi da ado iri biyu ne, kuma a hoto ba a bambanta su.

Akwai wanda ya rage kaya don ya rage nauyi. Akwai kuma wanda rashin adonsa shi ne adon, kuma ya fi kowane ado tsada. A tsibirin Teshima na Japan, a 2010, mai zanen gini Ryue Nishizawa ya gina wani gidan fasaha a gefen tudu kusa da gonakin shinkafa. Farin kankare ne guda ɗaya mai siffar ɗigon ruwa, kimanin mita 40 a 60, ba ginshiƙi ko ɗaya, kaurinsa santimita 25. Tudun ƙasa aka tara aka daidaita, aka zuba kankaren a kansa, da ya bushe aka kwashe ƙasar daga ciki. A ciki babu komai sai aikin wata mai fasaha, Rei Naito: ruwa ne ke tsattsafowa daga ƙananan ramuka a daɓe, yana gangarawa yana haɗuwa. Abin sha'awa ne, ba na musu. Kuma tsibirin ya cancanci a share masa hawaye, don shekara da shekaru ana jibge masa sharar masana'antu ba bisa doka ba, wadda da aka zo kwashewa ta haura tan dubu ɗari tara. Sai dai wannan sauƙi na ido ne kawai. Bayansa akwai gidauniyar attajiran Fukutake, akwai ma'aikata, akwai tikiti mai lokaci, akwai mai tsaya maka ka cire takalmi. Ranar da kuɗin suka tsaya, ruwan ma zai tsaya. Irin wannan shi ne farar shadda marar aiki da attajiri ke sakawa, wadda kuɗin yadinta ya fi na riga mai aska takwas.

Ban ce a daina irin na Teshima ba, mai kuɗi ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa. Abin da nake ƙi shi ne a kira su da suna ɗaya, har wani gwamna ko kwamishina ya ga hoto ya ce a yi masa irinsa da kuɗin jama'a, yana zaton ya zaɓi mai arha.

Sai kuma maganar ƙauyen kansa, wadda a ganina ta fi ta bango nauyi. Idan aka ɗauko kayan fasaha daga birni aka kai karkara, ana yawan cewa don a ba su sarari da shiru ne. To mutanen da ke zaune a cikin wannan shirun fa? Garin Marfa da ke hamadar yammacin Texas a Amurka ya isa misali. Donald Judd, wani mai fasaha Ba'amurke wanda ya gaji da yadda gidajen tarihin New York ke cunkusa ayyuka suna sauya su duk bayan 'yan watanni, ya koma can a farkon shekarun 1970. Da taimakon gidauniyar Dia aka sayi tsohon barikin soja na Fort D. A. Russell, ya jera akwatuna ɗari na alminiyam a cikin rumfunan manyan bindigogi guda biyu, ya kafa wasu ayyuka goma sha biyar na kankare a fili. Gidauniyar Chinati da ya kafa a 1986 ita ke riƙe da wurin har yau. Hujjarsa mai ƙarfi ce: aiki ya zauna wuri ɗaya dindindin, a ginin da ya dace da shi, mai son gani ya zo. Judd ya rasu a 1994, bai ga ƙarshen abin ba. Garin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba ya zama wurin shaƙatawar masu hannu da shuni daga manyan birane. Farashin gidaje ya tashi. A 2017 masu ƙiyasin haraji na yankin suka ɗaga darajar gidajen ƙasa, saboda baƙi sun mayar da su abin yayi, sai ga iyalai 'yan asalin Meziko da kakanninsu suka yi ginin ƙasa don ba su da kuɗin bulo ana aiko musu da takardar harajin masu kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne makullin Giornico ya yi mini daɗi. Ba wata babbar dabara ba ce, wataƙila ma rashin kuɗin ɗaukar ma'aikaci ne ya haife ta. Amma dubi abin da ta jawo. Baƙon da ya zo daga Tokyo ko Landan dole ya fara shiga gari, ya yi sallama, ya yi magana da ɗan gari, ya karɓi amana daga hannunsa. Mai yiwuwa ya zauna ya sha wani abu ya biya. A hanyarsa zai wuce ta kusa da cocin San Nicola da aka gina da dutse tun ƙarni na 12, ya ga cewa mutanen wannan kwari sun san ginin da ba shi da tarkace shekara ɗari takwas kafin a haifi Märkli. In ya yi tambaya za a ba shi labarin yaƙin 1478, lokacin da 'yan ɗaruruwan mayaƙan Suwizalan da mutanen kwarin suka fatattaki rundunar Milan mai dubbai a nan wurin. Kafin ya isa ƙofar ƙarfen nan ya riga ya san garin yana da masu shi. Ginin bai kawo otal mai hawa goma ba, bai kawo filin ajiye manyan motocin yawon buɗe ido ba. Mai gonar inabin da ke maƙwabtaka da shi yana nan yana nomansa.

Akwai masu cewa wannan ai rowa ce da sunan tawali'u. Su ce fasaha ta jama'a ce, in ka kai ta ƙauyen da sai mai mota da lokaci zai je, ka kuma hana ta wurin zama da bayan gida da mai bayani, to ka ware ta ne ga 'yan boko masu ido. Tsoho mai sanda ko mai keken guragu yaya zai yi da ƙofar da aka ɗaga sama? Wannan suka ce ta gaskiya, kuma maganar matakin ƙofa ban ga amsar da za ta wanke Märkli ba. In da ginin hukuma ne da kuɗin haraji, da laifi ne babba. Sauran sukar kuwa ba ta kama ni sosai ba. Wanda yake son ganin Josephsohn cikin sauƙi akwai Kesselhaus a birnin St. Gallen, inda ake ajiye da nuna ayyukansa tun 2003. Ba kowane gida ne zai yi aikin kowane gida ba. Kasuwar Kurmi daban, shagon maƙeri a ƙauye daban, kuma ba wanda ya ce maƙerin ya yi laifi don bai kafa maƙerarsa a bakin titin birni ba.

Suka ta biyu ita ce sata, kuma ita ce ta hana ni cewa a kwafo tsarin nan kai tsaye. Kada wani ya ce ai Turai babu ɓarayi. A Disamban 2005, a ƙauyen Perry Green na Ingila, wasu suka shiga harabar gidauniyar shahararren mai sassaƙa Henry Moore da dare da motar ɗaukar kaya mai ƙugiya, suka ɗauke wani aikin tagulla mai nauyin tan biyu wanda aka ƙiyasta a kan fam miliyan uku. 'Yan sanda daga baya suka ce sun yi imanin yanka shi aka yi aka narkar, aka sayar a kan abin da bai wuce fam dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Wato 'yan jari bola ba a unguwarmu kaɗai suke ba. Abin da ke kare La Congiunta shi ne ƙaramin gari ne da baƙo ba ya ɓuya, ga bango ba taga, ga ƙofa ɗaya, sannan aikin tagulla zubi ne, yawanci akan zuba fiye da ɗaya daga asali guda.

Mu kuwa babban abin sassaƙa da ƙasarmu ta arewa ta mallaka ba ya da na biyu. Ina nufin surorin gasasshen yumɓu na Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu daga yankin Jama'a wanda wani ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye, shi ya gane cewa al'umma guda ce ta yi su, kuma a kan irin waɗannan kaya aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka yi aiki a yankin tun 2005 sun nuna cewa an fara yin surorin nan tun kimanin shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa. Haƙar sata ta cinye wurare masu yawa, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa Nok, tare da surorin dutse na Esie da ke Kwara, a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A wannan shekarar ce ma aka yi ta cece-kuce da aka ga wasu surorin Nok a gidan tarihin Louvre na Faris. Kayan da mutum zai iya naɗewa a bargo ya sa a but ɗin mota, ba a barin makullinsu a hannun mai tuwo, komai amanarta. Ba don za ta ci amana ba, don za a sa rayuwarta a haɗari.

Amma in aka ajiye makullin gefe, sauran darasin namu ne fiye da na Suwizalan. Yumɓun da ya kwana shekara dubu biyu da ɗoriya a cikin ƙasa ba ya neman na'urar sanyi. Yana neman rufin da ba ya yoyo, bango mai kauri, ƙofa ɗaya mai ƙarfi, da masu gadi 'yan garin da ake biyansu albashi a kan kari. Kuɗin da za a zuba a tayil da gilashi da dizal, in aka juya shi ga waɗannan, ya isa har ya yi saura. Kuma ba kankare nake kira a kwaikwaya ba, don kankare tsirara a zafin watan Afrilu tanda ce. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, ya san yadda bangon ƙasa mai kauri da dogon rufin baka suke riƙe sanyi, da yadda ɗan haske kaɗan ke isa ya fito da zanen da ke jikin ginshiƙi. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, aka gama a 2018. Saboda haka hannun da zai yi aikin yana nan. Ban ma ce sai bango ya zauna tsirara ba. Mu mutanen zanko da zayyana ne, magini in ya ga fili a fuskar soro hannunsa ƙaiƙayi yake yi, kuma ban ga laifin hakan ba muddin adon na waje ne, ciki a bar wa kayan.

Abin da ke hana irin wannan gini samun karɓuwa a wurin masu mulki, a nan da ko'ina, sananne ne. Ba ya cika ido ranar buɗewa, kuma kwangilarsa ba ta da maiƙo. Tun da mai zanen gini Frank Gehry ya gina gidan tarihin Guggenheim a Bilbao ta Sifen a 1997, baƙi suka yi ta kwarara, kowane gari yake mafarkin ginin da zai ja jiragen sama. Kaɗan ne suka samu, da yawa sun tashi da bashi da manyan zaure da ba kowa. Gidan Giornico bai taɓa shiga wannan caca ba, shi ya sa ba shi da abin da zai faɗi. A 2016 aka buɗe sabon ramin jirgin ƙasa na Gotthard mai tsawon kilomita 57, wanda bakinsa na kudu yake kusa da Bodio, ƙasa kaɗan da Giornico. Tun daga nan manyan jiragen da ke tsakanin Zurik da Milan suka koma bi ta cikin dutse, fasinjojinsu ba sa ganin kwarin Leventina ko ta taga. Garuruwan kwarin da suka dogara da masu wucewa sun ji a jikinsu. Ginin Märkli kuwa kuɗin wutarsa na watan da ya biyo baya daidai yake da na watan da ya gabata.